Gwajin Buta

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a New Bell ta garin Duwala ta hannun 'yan unguwarmu ya san Gwaggo Tsohuwa. Ko dai yana gode mata, ko kuma har yau yana jin haushinta. Dillalai suna cikin kashi na biyu. Da sun hango ta tafe da butarta mai ruwan ɗorawa, sai ka ga mutum ya tuna yana da wani uzuri can unguwar Deido.

Yayar babanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan kakarsu aka sa mata, kuma tunda babu mai iya kama sunan a gidan, sai aka shiga kiranta Tsohuwa tun tana bayan uwarta. Yanzu da ta haura sittin, takan ce sai yau sunan ya zo ya same ta a gida. Kakansu daga wajen Zariya ya biyo fataucin goro ya zauna a Duwala. Ita a nan aka haife ta, a nan ta yi aure, Nijeriya kuwa sai dai a bakin baƙi take jinta. Sana'arta dafa shinkafa da miya a gefen Kasuwar Kongo, kuma rabin masu cin abincinta 'yan kasuwa ne sababbin zuwa daga Kano da Sakkwato.

Maganar buta ta samo asali ne daga aurenta. Mijinta, marigayi Iro, tela ne. Suka kama ɗakinsu na farko a watan Janairu, ƙasa a bushe, bango ya sha sabon fenti, amarya sai murna. Da watan Agusta ya kama, sai ruwan sama ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya nemi wuri ya zauna, bai fita ba sai bayan kwana uku. Keken ɗinkin ya yi tsatsa, yadudduka na mutane suka yi funfuna. Da ruwan ya janye, Gwaggo ta zauna a tsakar ɗakin tana wanke tukunya, sai ta lura ruwan da ta zubar a bakin ƙofa ba waje yake yi ba, dawowa yake yi ya wuce ƙarƙashin gado. Daɓen ne aka yi shi ya karkata ciki. Ta ce a ranar ba ta yi kuka ba, haushin kanta ne kawai ya kama ta, don abu ne da cokali ɗaya na ruwa zai gaya mata tun kafin su shiga.

Tun daga nan ba ta sake shiga ɗaki ba sai ta gwada shi. Sau tara suka tashi kafin Iro ya rasu, kuma kowane ɗaki haka ta yi masa. Takan tsaya a bakin ƙofa, ta yi bisimilla kamar yadda take yi a kan komai, ta tsiyaya ruwa a dokin ƙofa, ta sunkuya ta bi shi da ido. In ya nufi waje, ta shiga ta tsiyaya a kowace kusurwa. Sannan ta ciro makulli ta kankare fentin bango daidai gwiwa, don ta ga ko akwai zanen tsohon ruwa da aka rufe. Daga ƙarshe ta kai hanci ta shinshina. In ruwan kuwa ya nufi ciki tun farko, ba ta ko ƙarasa shiga. Sai ta rataya butar ta ce wa dillali ya gai da mai gidan.

'Yan kasuwar nan baƙi, da suka fito daga ƙasar da ake roƙon ruwa, ba su san akwai garin da ake roƙon ya tsaya ba. Sai mutum ya kama ɗaki da rani, damina ta zo ta jiƙa masa kaya, ya zo cin shinkafa yana kuka da Duwala. Da haka da haka suka fara roƙonta ta raka su duba ɗaki. Ba ta karɓar komai. Ladanta kawai ta ga fuskar dillali lokacin da ruwan ya juya.

Ni sunana Rakiyatu, kuma ban ɓoye ba, a shekarar da zan ba da labarinta na kusa jefa butar nan cikin kwata.

Allah bai ba Gwaggo haihuwa ba. Da aka yaye ƙanwata Firdausi, Baba ya ɗauke ta ya miƙa wa yayarsa riƙo. Bayan rasuwar Iro suka dawo gidanmu, ɗakin da ke kusa da rijiya, kuma shekara goma sha tara ke nan gado ɗaya suke kwana. Firdausi ce ta fara shiga jami'a a duk gidanmu. Ni a sakandare na tsaya, kuma abin yana min ciwo har gobe, shi ya sa na ɗauki karatunta kamar nawa.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba. Daga New Bell zuwa jami'a, in an yi ruwa, bensikin, wato babur ɗin haya, ba ya samuwa, wanda ka samu kuma sai ya kai ka a jiƙe. In ta hau taksi, cunkoso ya riƙe ta a hanya har darasin farko ya wuce. Ta isa a makare ta tsaya can baya inda ba a jin malami, ta dawo a gajiye ta tarar da wankin tukwanen Gwaggo. Sakamako ya fito, aka ce ta maimaita shekara. Baba ya ce to, ya yarda da maimaici ɗaya, amma in aka sake, karatu ya ƙare, ta zo ta zauna masa a shago.

Ni na kawo maganar minisite, wato gidajen nan masu ɗakuna jere da ake gina wa ɗalibai a kewayen jami'a, inda mutum biyu ke haɗuwa su kama ɗaki ɗaya. Baba ya sha mur. Na yi ta bin sa sati biyu, har ran nan ya ajiye kofin shayi ya ce, "Na ji. Amma sai ɗakin da Yaya ta gani da idonta ta ce to. In ta ce to, ni ma to. In aka koma karatu ba ta ce ba, a bar maganar."

Na san Baba. Ba sassauci ya yi ba, wayo ya yi. Ya san yayarsa ba ta taɓa yabon ɗaki ba, ya kuma san ba ta iya barci in Firdausi ba ta gefenta. Ya ɗauki a'ar da ba ya son faɗa ya sa a bakin wata. Saura kwana goma sha biyu a koma karatu.

Muka fara yawo mu uku, cikin ruwan Satumba. Ɗaki na farko a unguwar Ange Raphaël, ruwa ya nufi ciki. Na biyu, makulli ya tono zanen ruwa har sama da gwiwa. Na uku a bene yake, na ce alhamdulillahi, nan dai ruwa ba zai hau matakala ba. Gwaggo ta ɗaga kai ta nuna mana silin da ya yi ciki kamar tukunyar da ta faɗi. Na huɗu da na biyar ban ma tuna laifinsu ba. Na shida ta ce yana warin rijiyar da aka rufe.

Na bakwai shi ne ya fi ƙona min rai. Khaulat, 'yar wani Alhaji abokin Baba na kasuwa, tana neman abokiyar zama a unguwar Ndogbong. Yarinya 'yar gida, mai hankali, har Baba da kansa ya ce in dai can ne ba shi da ta cewa. Ɗakin da tayil, da labule, da fanka. Gwaggo ta tsiyaya ruwa a ƙofa, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya silale ya nufi ƙarƙashin katifar Khaulat. Ta rataya buta.

A bakin titi na kasa haƙuri. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki faɗa mana gaskiya. Ɗaki kike dubawa ko dalili kike nema? Ko gidan gwamna aka kai ki sai kin ce yana wari. Ke dai ba kya son ta tafi, shi ke nan!"

Firdausi ta ja min hannu. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ni na karkata daɓen?"

"Ba ke kika karkata ba, amma daɗi kike ji."

Gwaggo ta juya mana baya. Ta tare bensikin ta hau abinta ta bar mu a tsaye. Kwana uku ba ta yi min magana ba, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Firdausi kuwa ta daina maganar ɗaki gaba ɗaya. Na same ta tana jera littattafanta a kwali, na tambaye ta na mene ne, ta ce don kada su yi ƙura. Na fita na bar ɗakin don kada ta ga idona.

Ranar Asabar, saura kwana biyu, wata 'yar ajinsu ta turo mata lambar wata ɗaliba da abokiyar zamanta ta gama karatu ta tafi. Na je na durƙusa na ba Gwaggo haƙuri, ba don na yarda na yi laifi ba. Ta ce in tashi, ta ɗauko buta ta cika a rijiya.

Gidan yana kan ɗan tudu a bayan jami'a, ɗakuna goma suna kallon tsakar gida ɗaya. Mai gidan wata mata ce ƙatuwa, da makullai a ɗaure a ƙugu, ta tarbe mu da fara'a ta kai mu ɗaki na ƙarshe. Ɗalibar ta fito, siririya mai tabarau, ta ce sunanta Solange, daga garin Edea. A wuyanta akwai ɗan gicciye. Na kalli Firdausi, ta kalle ni, kowa ta san abin da Baba zai ce. Na ce a raina yau Gwaggo ba ta ma buƙatar buta.

Amma ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi bisimilla, ta tsiyaya ruwa, ta sunkuya tana motsa baki.

Ihun da mai gidan ta yi sai da ɗalibai suka fito daga ɗakuna. "Jésus! Pas chez moi!" Ta ɗora hannu a ka, ta ja da baya, tana faɗi da Faransanci cewa ba a gidanta ba, an zo za a yi mata asiri a gida, an kawo ruwan malamai za a kori 'yan hayarta, ita ta san irin wannan, an taɓa yi wa ƙanwarta a Bonaberi. Ku duba abin da ta gani: tsohuwa Bahaushiya cikin lulluɓi, da buta, tana zuba ruwa a dokin ƙofar mutane tana karanta abin da ba a ji. A garin nan da ake ɗauka kowane Bahaushe yana da laya a aljihu, me za ta ce? A New Bell kowa ya san butar alwala ce, a nan kuwa ko sunanta ba su sani ba.

Ni na rikice, Faransancina ya gudu. Firdausi tana ta pardon, pardon, babu mai jinta. Gwaggo kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, idonta yana kan ruwan. Wani saurayi ya fara ɗaukar mu a waya. Mai gidan ta nuna mana ƙofar fita.

Sai Solange ta tsuguna kusa da Gwaggo, ta gyara tabarau, ta kalli inda take kallo. Ta fashe da dariya. "Maman, attendez! Elle vérifie la pente!" Ta miƙe ta yi wa mai gidan bayani cewa gangaren daɓe tsohuwar ke dubawa, ta ga ko ruwan sama zai shiga ko zai fita. Ta ce babanta magini ne, haka yake yi da bokiti in ya gama daɓe, ita ma gini take karantawa, kuma abin da ake koya musu da na'ura shi ne wannan matar ke yi da ruwan rijiya. Ta ruga ɗaki ta ɗauko ƙarfen nan na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ta shimfiɗa a dokin ƙofa, ta kira mai gidan ta gani.

Mai gidan ta matso a hankali, ta leƙa ƙarfen, ta leƙa ruwan da ya bi ta waje ya gangara kwata. Sai fuskarta ta canza. Ta buga ƙirji ta ce ai mijinta ne ya tsaya a kan magina da kansa, gidanta bai taɓa shan ruwa ba, a zuba ko'ina a gani. Matar da ta kore mu yanzun nan, ita ce ta koma tana nuna wa Gwaggo kusurwoyi.

Gwaggo ta shiga. Ta tsiyaya a kusurwa ta farko, ruwan ya taho ƙofa. Ta biyu, haka. Ta kankare bango, babu komai sai siminti. Ta shinshina, ta ɗaga kai ta duba sili. Sannan ta dawo bakin ƙofa ta sake zubawa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ruwan ya fita. Ta sake na uku, har butar ta ƙare, ta girgiza ta, ɗigo biyu suka faɗo suka bi sawun na farko. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, na ga fuskarta, sai duk haushin da nake ji ya bar ni, tausayi ya maye gurbinsa.

Ta zauna a bakin gadon da babu kowa, ta sa Firdausi ta yi mata tafinta, ko da yake tana jin fiye da yadda take nunawa. Ta tambayi Solange ko tana dafa alade. Solange ta ce a gida in an yi biki tana ci, amma a nan ba ta dafawa, kuma kowa ya riƙe tukunyarsa. Samari fa? Ta ce mai gidan ba ta barin kowa ya wuce tsakar gida, mai gidan ta kaɗa makullai don tabbatarwa. Gwaggo ta ce yarinyarta tana tashi da asuba ta yi salla, kada a ce ta hana mutane barci. Solange ta ce ita a lokacin take tashi karatu, sai dai ta roƙi a riƙa tashinta in ta makara. Ita ma ta kawo nata: ba ta son a taɓa mata takardun zanen da ke kan tebur, kuma ran Lahadi da safe tana waƙar coci in tana shiri, muryarta kuwa ba daɗi. Gwaggo ta ce wannan ba komai, ta zauna da ƙarar keken tela shekara talatin.

A gida muka tarar da Baba a ƙofa bayan la'asar. Ya ga butar a bushe, ya yi murmushin wanda ya san amsa.

"Yaya, an dace?"

"An dace. To."

Murmushin ya tsaya. Ya tambayi 'yar waye abokiyar zaman. Gwaggo ta gaya masa sunanta da garinsu da abin da ke wuyanta, ba ta rage komai ba. Baba ya miƙe tsaye. Ya ce a'a, non, wannan ba ta taso ba, ga 'yar Alhaji a Ndogbong an ƙi, sai a kai masa 'ya wurin wadda ba a san asalinta ba?

"Zauna, Audu," in ji ta. Ya zauna. "Cewa ka yi in na ce to, kai ma to. A gaban yaran nan ka faɗa. Ka ɗora min ne don ka san zan ce a'a, kada ka ɗauka ban gane ba. Kuma ka yi daidai, na so in ce a'a. Sau uku na zuba ruwan nan ina roƙon Allah ya juya, bai juya ba. Ɗakin 'yar Alhaji zai sha ruwa kafin watan nan ya ƙare, ka je ka gaya wa ubanta. Wannan ba zai sha ba. Yarinyar kuma, mutum goma suna kallona a matsayin mayya, ita kaɗai ta tsuguna ta kalli abin da nake kallo. Ni wannan ya ishe ni sanin asali."

Baba ya juya ga Firdausi ya ce duk Juma'a yana son ganinta a gida. Gwaggo ta ce wata sau biyu ya isa, ba yawo aka tura ta ba. Ya ce to.

Ranar Lahadi muka kai kaya a taksi: katifa, kwalin littattafai, tukwane biyu, risho, da wani ƙullin yaji da zai ishi gidan gaba ɗaya shekara. Solange ta riga ta janye teburinta ta bar wa Firdausi gefen taga. Gwaggo ta gyara shimfiɗa, ta sake gyarawa, ta ja wa mai gidan kunne a kan abubuwan da ba su shafe ta ba. Da Firdausi ta rungume ta ta fara kuka, sai ta ture ta ta ce ta bar shirme, nan da New Bell ko tuwo ba ya hucewa. Ta fita ba ta waiwaya ba.

Ni da Gwaggo muka hau taksin dawowa. Tana kallon taga, hannunta yana kan gwiwata, ta riƙe gam har ina jin zafi. Can ta ce, "Rakiya, wai me ake ce wa karatun nata? Gobe 'yan kasuwa za su tambaye ni ina yarinyar, ba na so in ce ban sani ba."

Na ce, "Biyoshimi," yadda ake kiran ilimin sinadaran jikin halittu da Faransanci.

"Biyo me?"

"Biyoshimi, Gwaggo."

Ta gwada, ta karya shi. Ta sake, direba ya gyara mata. Haka ta yi ta maimaitawa a hankali, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba, har muka shigo New Bell. Kafin mu sauka ta iya shi sarai, ta kuma faɗa wa mai kanti na bakin layi tun bai tambaya ba.